Binciken da ke kwana a aljihun tebur: yadda wariyar wallafa ke kumbura sakamako a fannin ilimi da halayyar ɗan Adam

A shekarar 1998 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roy Baumeister da abokan aikinsa suka fitar da rahoton wani gwaji da suka yi a Jami'ar Case Western Reserve da ke jihar Ohio ta Amurka. Sun gayyato ɗalibai da yunwa a cikinsu, suka shigar da su ɗakin da ƙamshin biskit mai cakulan ya cika. A kan tebur ga farantin biskit, ga kuma kwanon radish, wata ɗanyar saiwa mai ɗan yaji da Turawa ke sawa a kwaɗon ganye. Wasu aka ce su ci biskit, wasu kuwa radish kaɗai aka yarje musu, biskit ɗin na gabansu suna kallo. Daga nan aka ba kowa wani wasan ƙwaƙwalwa na zane wanda a gaskiya ba shi da mafita, aka zuba wa agogo ido. Waɗanda suka ci biskit sun yi kusan minti 19 suna fama kafin su haƙura. Masu radish kuwa minti 8 kawai suka yi suka ajiye fensir.

Masu binciken suka ce ƙarfin danne zuciya abu ne mai ƙarewa: wanda ya kashe shi wajen kawar da kai daga biskit ba shi da sauran da zai jure wani aiki mai wuya da shi. Magana ce mai shiga hankali, ta kuwa karɓu. A 2010 Martin Hagger da abokansa suka tattara bincike 83 da aka wallafa a kan batun, suka haɗa alƙalumansu wuri guda, suka ce tasirin yana nan daram, kuma mai ƙarfi ne: 0.62 a ma'aunin girman tasiri da masana ke amfani da shi, inda sifili ke nufin babu tasiri. Bayan shekara shida, wannan Hagger ɗin dai ya jagoranci cibiyoyin bincike 23 a ƙasashe daban-daban, suka yi gwaji iri ɗaya da mutum 2,141, bisa alkawarin cewa duk abin da ya fito za a buga shi. Abin da ya fito shi ne 0.04, wato kamar babu. Baumeister ya yi ƙorafin cewa ba irin aikin da ya dace aka ba mutanen ba. Sai a 2021 Kathleen Vohs, wadda tana cikin masu goyon bayan ra'ayin, ta jagoranci wasu cibiyoyi 36 da mutum sama da 3,500. Suka samu 0.06.

To ina 0.62 ɗin nan ya fito, alhali ba a kama kowa da ƙirƙiro alƙaluma ba? Babban ɓangaren amsar yana cikin binciken da ba a taɓa bugawa ba. Wannan ita ce wariyar wallafa: a buga binciken da ya yi nasara, a bar wanda bai yi ba a aljihun tebur.

Irin aikin da Hagger ya yi a 2010 shi ne bitar haɗaka, hanyar da Gene Glass ya raɗa wa suna a 1976. Maimakon mai bita ya karanta bincike hamsin ya faɗi ra'ayinsa, sai ya mayar da sakamakon kowanne zuwa ma'auni ɗaya, ya ba manya nauyi fiye da ƙanana, ya fitar da matsakaici. Hikimar abin ita ce kurakuran da tsautsayi ke jefawa cikin bincike guda suna cinye juna idan aka tara da yawa: wannan ya zarce, wancan ya gaza, tsakiya ta zauna daidai. Shi ya sa ma'aikatun ilimi da ƙungiyoyin ba da tallafi ke ɗaukar bitar haɗaka a matsayin hujja mafi ƙarfi. Amma wannan hikima ta rataya ne a kan sharaɗi guda, cewa waɗanda suka zarce da waɗanda suka gaza duk sun iso hannun mai bitar. Idan waɗanda suka zarce kaɗai ake bugawa, tarawa ba ta gyara komai. Kuskuren yana nan yadda yake, sai ma ya samu hatimi, domin yanzu za a ce ai bincike tamanin ne suka faɗa. Wanda ya duba saman kwandon tumatir ɗari a kasuwa ya rantse cewa bana duk manya aka noma, yawan kwandunan da ya duba bai sa ya ga na ƙasa ba.

Lissafin yadda abin ke faruwa

A waɗannan fannoni akwai wani ƙa'idajjen shinge da ake kira 0.05. Ma'anarsa a taƙaice: da a ce sabuwar dabarar da ake gwadawa ba ta da wani amfani ko kaɗan, bambanci mai girman wanda aka gani zai iya fitowa ta hanyar dace kawai ƙasa da sau biyar cikin ɗari. Sakamakon da ya tsallake wannan shinge shi ake cewa ya yi ma'ana. Wanda bai tsallake ba, a bakin mutane, "bai fito ba".

Shi kuwa ma'aunin girman tasiri, ga yadda za a gane shi. A ce an jera yara ɗari bisa makinsu, wanda ya fi kowa maki shi ne na ɗaya. Dabarar da tasirinta ya kai 0.1 za ta ɗauke yaron da ke matsayi na 50 ta kai shi wajen na 46. Mai tasirin 0.6 za ta kai shi wajen na 27. Tazarar ba ƙarama ba ce.

Yanzu mu ƙaddara akwai wata dabarar koyar da karatu wadda ainihin tasirinta 0.1 ne, wato tana da ɗan amfani amma ba mai yawa ba. Masu bincike ɗari suka gwada ta, kowanne da yara 30 a ɓangaren sabuwar dabara da yara 30 a ɓangaren tsohuwa. Da yara kaɗan haka, sakamako yana rawa ƙwarai: a wani ajin an yi dace masu ƙoƙari sun taru a gefe ɗaya, a wani zazzaɓi ya kwantar da uku ranar jarrabawa. Lissafi ya nuna cewa da wannan adadin yara, sai bambancin da aka gani ya haura 0.5 kafin ya tsallake shingen. Cikin ɗarin nan, biyar ko shida ne dace zai ɗaga su har su tsallake. Su ne za su shiga mujalla. Sauran casa'in da 'yan kai su koma aljihun tebur. Mai bita ya zo ya tattara shidan nan, ya samu matsakaicin kusan 0.6, ninki shida na gaskiya.

A lura, cikin masu binciken nan shida babu maƙaryaci ko ɗaya. Kowa abin da ya gani ya rubuta. Tacewar ce ta haifi ƙaryar, kuma ƙaramin bincike ba shi da hanyar shiga mujalla sai da babban sakamako. Wannan ne dalilin da ya sa a fannonin da ƙananan gwaje-gwaje suka yi yawa, kumburin ya fi muni.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun 1959 wani masanin ƙididdiga, Theodore Sterling, ya zauna ya ƙirga maƙalolin manyan mujallu huɗu na ilimin halayyar ɗan Adam. Cikin 294 da suka yi amfani da wannan gwajin ƙididdiga, 286 sun ba da rahoton nasara, kashi 97 cikin ɗari ke nan. Babu fannin da masanansa ke cankar gaskiya sau 97 cikin ɗari. In da akwai, da ba su buƙaci yin gwaji ba. A 1995 ya sake ƙirgawa tare da wasu abokansa, ya tarar har lokacin abin ya haura kashi 95. A tsakani, a 1979, Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard ya siffanta mafi munin abin da zai iya kasancewa: mujallu cike da kashi biyar ɗin da dace ya ɗaga, aljihunan tebur cike da kashi 95 ɗin da ba su nuna komai ba.

Wa ke ɓoyewa?

Abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne a ɗora wa editocin mujallu laifi, kuma suna da kasonsu. A 2011 wata babbar mujallar fannin ta buga maƙalar Daryl Bem na Jami'ar Cornell, mai gwaje-gwaje tara, da ke iƙirarin cewa mutane na iya jin abin da bai riga ya faru ba. Wasu masana uku a Birtaniya, Stuart Ritchie da Richard Wiseman da Christopher French, suka maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen har sau uku, ba su ga komai ba. Da suka aika wa wannan mujallar, sai ta ce ita ba ta buga maimaici. Sai a 2012 aikin ya fito a wata mujallar dabam. A fannin ilimi ma kanwar ja ce: a 2014 Matthew Makel da Jonathan Plucker suka bi diddigin manyan mujallun ilimi 100, suka samu kashi 0.13 cikin ɗari ne kawai na maƙalolinsu suka kasance maimaicin wani bincike.

Sai dai hujja mafi kyau da muke da ita ta nuna cewa yawancin binciken da ke ɓacewa ba ya ma kai wa teburin edita. Akwai wani shiri a Amurka da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, inda masu bincike ke gabatar da tsarin gwajinsu, a tantance shi, a gudanar musu da shi a kan jama'a. Saboda haka akwai cikakken jerin duk abin da aka yi, da wanda aka buga da wanda ba a buga ba. A 2014 Annie Franco da Neil Malhotra da Gabor Simonovits na Jami'ar Stanford suka bi sawun bincike 221 na wannan shiri. Waɗanda suka samu sakamako mai ƙarfi, kusan kashi 60 an buga su. Waɗanda ba su samu komai ba, kusan kashi 20 ne kawai. Abin da ya fi jan hankali: kusan kashi 65 na waɗanda ba su samu komai ba, masu su ko rubuta rahoton ba su yi ba. Da aka tuntuɓe su, da yawa cewa suka yi sun san ba mai karɓa, to don me za su ɓata lokaci. Ni ban ga laifin mutumin da ke da wata shida a hannu, ƙarin girmansa kuma na rataye da yawan maƙalolinsa, don ya zuba watannin a inda yake sa ran riba ba. Amma idan kowa ya yi wannan lissafi mai hankali, fannin gaba ɗaya ne ke makancewa.

Akwai kuma ɓoyo na cikin gida, wanda ya fi wuyar kamawa. Mai bincike ya auna abubuwa shida, karatu da rubutu da lissafi da zuwa makaranta da sauransu, biyu suka tsallake shinge, sai ya rubuta maƙala a kan biyun kamar dama su kaɗai ya nufa. Terri Pigott da abokan aikinta sun kama wannan a 2013 ta hanya mai wayo: suka ɗauko kundayen digirin digirgir na fannin ilimi, suka kwatanta su da maƙalolin da aka ciro daga cikinsu daga baya. Sakamakon da bai tsallake shinge ba ya fi fuskantar a yar da shi a hanya da kimanin kashi 30 cikin ɗari.

Inda aka fi ganin girman ɓarnar ƙarara shi ne fannin magunguna, saboda can doka ta tilasta wa kamfanoni miƙa duk gwajinsu ga hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA. A 2008 Erick Turner, wanda ya taɓa aiki a hukumar, ya duba gwaje-gwaje 74 na magungunan ciwon damuwa guda 12. Hukumar ta ga 38 sun yi nasara, kuma 37 daga cikinsu an buga su. Sauran 36 ba su yi nasara ba ko kuma akwai shakka a kansu: 22 ba a buga su ba sam, 11 an buga su amma an juya labarin ya zama kamar nasara, uku kacal aka buga yadda suke. Likitan da ke karanta mujallu zai ga kashi 94 na gwaje-gwajen sun yi nasara. A takardun hukuma kashi 51 ne. Kada a ce wannan halin 'yan kasuwa ne kawai: a 2015 Ellen Driessen da abokanta suka yi irin wannan bibiya ga gwaje-gwajen maganin damuwa ta hanyar zama da ƙwararre a tattauna, waɗanda gwamnatin Amurka ta biya kuɗinsu, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba a buga su ba. Da aka haɗa da su, tasirin ya ragu da kimanin kashi 25.

Abin da ya yi wa fannin ilimi

A 2009 John Hattie, masanin ilimi da ya koyar a jami'o'in Auckland da Melbourne, ya fitar da wani aiki da ya tattara bitar haɗaka sama da 800, ya jera dabarun koyarwa daga mafi tasiri zuwa mafi rauni. Matsakaicin duka ya kama 0.40, sai ya ba da shawarar a ɗauki wannan a matsayin mizani: abin da ya gaza 0.40 bai cancanci a ba shi fifiko ba. Wannan lamba ta zagaya duniya, ta shiga tarukan horar da malamai.

To ga wata lambar. A 2019 Hugues Lortie-Forgues da Matthew Inglis suka tattara manyan gwaje-gwaje 141 da hukumomi biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, suka ɗauki nauyinsu, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da miliyan ɗaya. An raba ɗalibai ko makarantu ta hanyar ƙuri'a, masu aunawa ba su ne masu dabarar ba, kuma ana fitar da rahoto ko an yi nasara ko ba a yi ba. Matsakaicin tasirin: 0.06.

Adalci shi ne a ce ba wariyar wallafa kaɗai ta haifar da tazarar da ke tsakanin 0.40 da 0.06 ba. Alan Cheung da Robert Slavin sun warware zaren a 2016, da suka duba bincike 645 na shirye-shiryen karatu da lissafi da kimiyya. Abubuwa uku suka gano, kowanne yana ninka sakamako kusan biyu. Binciken da aka buga a mujalla ya ninka wanda ba a buga ba. Ƙaramin bincike ya ninka babba. Sannan binciken da mai shi ya tsara jarrabawarsa da kansa ya ninka wanda ya yi amfani da jarrabawar da ba ruwansa da ita. Na ukun nan ba abin mamaki ba ne: wanda ya koyar da abu ya kuma fitar da tambayoyi daga abin da ya koyar, dole ajinsa ya fi ajin da aka koya wa wani abu dabam. Abin lura shi ne ukun suna tafiya tare. Ƙaramin bincike mai jarrabawar gida shi ya fi samun babban sakamako, shi ya fi shiga mujalla, shi ya fi cika kundin mai bita.

Ɓarnar a nan fuska biyu gare ta, kuma ta biyun ce aka fi mantawa. Ta farko sananniya ce: a sayi shirin da aka yi wa kirari, a kashe kuɗi, a ga ba canji. Ta biyu ita ce a raina abin da ke aiki da gaske. Matthew Kraft na Jami'ar Brown ya duba gwaje-gwajen ilimi sama da 700 da aka yi da ƙuri'a, ya tarar tasirin da ke tsakiyarsu 0.10 ne, ya ce a wannan fanni duk abin da ya haura 0.20 babba ne. Jami'in da aka cusa wa 0.40 a ka zai ga shirin da ya kawo 0.15 a makarantu ɗari biyu ya taɓe baki, alhali wannan shirin yana cikin masu kyau.

Ra'ayin Carol Dweck ta Jami'ar Stanford, cewa yaron da ya yarda basira na ƙaruwa da ƙoƙari ya fi wanda ya ɗauka halitta ce tsayayya, ya bi ta wannan hanya. An yi ta yayata shi kamar zai sauya makarantu. A 2019 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito. Na Ingila, a makarantun firamare 101, bai ga wani ƙarin ci gaba a karatu ko lissafi ba. Na Amurka, da ɗalibai sama da 12,000 a makarantu 65, ya ga ɗan ƙarin maki ga ɗaliban da ke baya, daga darasin intanet da bai kai awa guda ba. Ɗan amfani ne a farashi mai rahusa, ga wasu yara a wasu wurare. Ba abin yarwa ba ne, ba kuma abin da aka yi ta shela ba ne.

Ana iya gyarawa daga baya?

Masu bita ba barci suke ba. Tun 1984 Richard Light da David Pillemer suka kawo dabarar zanen mazurari. Ana ɗiga kowane bincike a takarda, manya a sama, ƙanana a ƙasa, sakamako daga hagu zuwa dama. Idan ba abin da ya ɓata, manyan za su taru kusa da juna a sama, ƙananan su bazu dama da hagu daidai wa daida, siffar ta fito irin ta mazurarin da aka kife. Idan aka ga kusurwar ƙasa ta gefe ɗaya wayam, wato ƙananan binciken da ba su samu komai ba babu su, to akwai alamar an ɓoye wani abu. Matthias Egger ya mayar da wannan kallo lissafi a 1997, a 2000 kuma Sue Duval da Richard Tweedie suka fito da hanyar cike gurbin da ƙiyasi. Da irin waɗannan dabaru ne Evan Carter da Michael McCullough suka sake duba tarin Hagger a 2014, suka ce watakila tasirin nan babu shi, shekara biyu kafin manyan gwaje-gwaje su goyi bayansu.

Duk da haka kada a ɗora musu nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Mazurari na iya karkacewa don wani dalili na halal, misali a ƙaramin gwaji mai dabarar da kansa ke tsaye a kan malamai, a babba kuwa an bar wa kowa. Idan binciken da aka tara bai kai goma ba, zanen ba ya faɗin komai. Kuma idan fanni gaba ɗaya ƙananan gwaje-gwaje ne, babu manyan da za a auna sauran da su. A 2020 Amanda Kvarven da Eirik Strømland da Magnus Johannesson suka ɗauki batutuwa 15 na halayyar ɗan Adam da kowanne ke da bitar haɗaka, yake kuma da babban maimaici na cibiyoyi da yawa. Bitar haɗakar ta ba da tasirin da ya ninka na maimaicin kusan sau uku. Suka gwada hanyoyin gyara guda uku, ba su warware matsalar ba. Don haka idan mai bita ya rubuta cewa ya duba bai ga alamar wariya ba, wannan ba shedar cewa babu ita ba ce.

Ɗaya hanyar ita ce farautar binciken da ba a buga ba: kundayen digiri, rahotannin hukumomi, takardun taro. Aiki ne mai kyau, amma shi ma da nasa aibin, don abin da mai bita ya fi samu cikin sauƙi shi ne nasa da na abokansa, kuma abin da ba a rubuta ba ba a farauto shi. Ga kuma shingen harshe. Bita da yawa Ingilishi kaɗai suke nema, don haka rahoton da aka rubuta da Faransanci a Nijar ko Senegal tun daga ƙofa an rufe masa. David Evans da Anna Popova na Bankin Duniya sun taɓa kwatanta manyan bita shida a kan abin da ke inganta koyo a ƙasashe masu tasowa. Cikin bincike sama da 200 da bitocin suka yi amfani da su, uku ne kawai suka bayyana a dukkan shidan. Ba mamaki shawarwarinsu suka saɓa.

Abin da ya nuna alamar magani

Abin da ya yi aiki shi ne ɗaure hannu tun kafin a ga sakamako. A 2000 aka fara wajabta wa manyan gwaje-gwajen cututtukan zuciya da gwamnatin Amurka ke biya su yi rajista a bainar jama'a, su faɗi abin da za su auna kafin su fara. Robert Kaplan da Veronica Irvin sun duba irin waɗannan gwaje-gwaje 55. Kafin 2000, 17 cikin 30 sun ba da rahoton nasara. Bayan 2000, biyu cikin 25.

A 2013 Chris Chambers na Jami'ar Cardiff ya ƙara gaba a mujallar Cortex. Mai bincike zai aiko da tambayarsa da tsarin aikinsa tun bai fara tattara bayanai ba. Masu tantancewa su duba, idan tsarin ya yi, mujalla ta yi alkawarin bugawa ko me ya fito. Yau mujallu sama da 300 na karɓar irin wannan. A 2021 Anne Scheel da abokanta suka kwatanta: a maƙalolin da aka saba, kashi 96 sun tabbatar da hasashen mai su, kusan daidai da abin da Sterling ya gani a 1959. A masu rajista, kashi 44. Wani ɓangaren bambancin ya zo ne daga cewa da yawa daga cikin masu rajistar maimaici ne na sakamakon da dama ake shakkarsa, amma ko da aka cire su, rabi ne kawai suka yi nasara.

Rajista ba ta mayar da binciken banza ya zama na kirki, kuma ba kowane "bai fito ba" ne ke nufin dabarar ba ta aiki. Gwaji mai yara talatin bai isa ya tabbatar da komai ba, ko nasara ko akasinta. Abin da rajista ke yi shi ne ta sa a san adadin waɗanda suka shiga, ta yadda idan wasu suka ɓace za a iya tambaya.

Duk wanda ya leƙa ɗakin ajiyar kundaye a tsangayar ilimi ta jami'o'inmu zai gane siffar da Cheung da Slavin suka bayyana. Aji biyu a makarantu biyu, ɗaya an koyar da shi da sabuwar dabara na mako shida, sau da yawa ma ɗalibin da kansa ne ya koyar, ɗaya an bar shi da tsohuwar hanyar malami na magana yara na saurare. Jarrabawar ɗalibin ne ya tsara ta. A babi na huɗu kuwa, inda ake kawo sakamako, da wuya ka ga sabuwar dabara ta faɗi. Akwai ma wani kuskuren lissafi da ke ƙara rura wutar: ana ƙirga yara tamanin kamar mutum tamanin ne masu zaman kansu, alhali aji biyu ne da malamai biyu, kuma bambancin malaman kaɗai ya isa ya haifar da tazarar. Ɗalibi kuma yana tsoron ya tsaya gaban mai jarrabawa na waje ya ce bai samu bambanci ba, kamar ya faɗi ne. Daga waɗannan kundaye ake ciro maƙalolin neman ƙarin girma, daga maƙalolin kuma wata rana wani zai haɗa bita.

Amma akwai abin da muke da shi a hannu wanda ba mu lura da darajarsa ba. Kowane ɗalibin digiri na biyu ko na uku yana kare tsarin bincikensa gaban malamai kafin ya fita tattara bayanai: hasashensa, adadin yaransa, jarrabawar da zai yi amfani da ita, lissafin da zai bi. Wannan rabin rajista ne, abin da ya rage kawai shi ne takardar ba ta fita daga ofishin sashe. Sashe zai iya ɗora waɗannan takardu a intanet da kwanan watansu, a rumbun jami'a ko a shafin Open Science Framework da ke karɓa kyauta, sannan ya ɗora kammalallen kundin kusa da su idan an gama. Mujallar tsangaya kuma za ta iya yi wa duk tsarin da ya tsallake wannan karewa da kyau alkawarin shafi tun a ranar, ta yadda ɗalibin da sabuwar dabararsa ba ta fi tsohuwa ba zai samu digirinsa, malaminsa kuma ya samu maƙalar da za a ƙirga masa.